Tsakuwar Ladingo

Riɗina na tsaye a gona, bai ko bushe ba,
amma mutum huɗu sun riga sun raba shi a zuci.
Ni da na yi huɗa, na yi noma, na yi maimai,
ko tiya guda ban ga tawa a ciki ba.

Buhu uku na taki wurin Alhaji Barau.
Dubu arba'in na Nafi'u mai cirar kuɗi.
Zubin adashen Asabe, wata biyu a baya.
Ga na wayar nan, da na danna da yatsa ɗaya
daren da zazzaɓi ya kwantar da Hindatu.
Yanzu kullum sai ya kira, bai san sallama ba.

Na fita neman shawara.
Barau ya ce, "Ƙaro buhu biyu, baɗi ka fanshe."
Dillali a Maigatari ya ja ni gefe:
"Sayar mini tun yana tsaye, ka huta da kakkaɓa."
Mijin ƙanwata ya sa aka dama mini fura,
sai da na kai rabin ƙwarya ya ce,
"Gonar bakin tafkin nan, kawo ta jingina."
Kowa ya miƙo mini igiya in fito daga rami,
in na duba, ɗaya bakin na ɗaure a turkensa.

Wanzami ne, askarsa na kan ƙeyata, ya ce,
"Tanimu, je ka ga Ladingo a Gagarawa.
Shekara talatin tana koyar da lissafi a firamare.
Ba ta saye, ba ta sayarwa,
akuyarta ma ɗaya ce."

Na same ta tana tsince zogale.
Ba ta ce sannu da wahala ba.
Ta ce, "Jiya me ka saya?"
Na ce ba komai.
Ta yi shiru har na tuno:
shayi da burodi, kati na ɗari biyar,
goro, kuɗin babur zuwa inda ƙafa ke kai ni.
Kunya ta sauko mini har wuya.

Ta ɗebo tsakuwa huɗu ta jera a tabarma.
"Wacce ke girma kana barci?"
Na nuna ta waya.
"Ita za ka fara kashewa.
Ta Nafi'u na bi mata, tana da ƙananan haƙora.
Asabe maƙwabciya ce, ba ta rabi, ka ba ta rana.
Barau kuwa, kada ka aika yaro.
Je ka da ƙafarka, ido da ido:
buhu ɗaya yanzu, saura in an kakkaɓe.
Gona kada ka taɓa ta.
Ba a sayar da rijiya don a biya kuɗin guga."

Ta sa na nemo gwangwani uku:
na ci, na iri, na bashi.
Sannan ta turo wani ƙarami, na tumatir, mai tsatsa.
"Wannan na zazzaɓi ne.
Zai dawo, ba ya neman izini."

Da kaka na kai mata tiyar riɗi.
Ta ture ta da bayan hannu:
"In na ci naka, gobe bakina ya karkata."

Ban gama ba.
Wayar dai ta yi shiru tun watan jiya.
Shayi sai Juma'a, kuma ina jin rashinsa.
Tsakuwa biyu suka rage a aljihuna,
ina taɓa su in na zauna.

Ɗazu na bi ta gaban shagon Barau,
ba ta lungun bayan masallaci ba,
na yi sallama da ƙarfi,
na tsaya har ya amsa.